Tarihin Kulawa da Matasa a Farkon Taɓin Hankali

Kulawar farkon taɓin hankali reshe ne na likitancin ƙwaƙwalwa da ke kula da matasa a shekarun farko na ciwon da likitoci ke kira saikosis, wato halin da mutum yake jin muryoyin da ba mai jin su sai shi, ko yake gane-gane, ko ya kafe a kan zaton da ba shi da tushe. Ciwon ya fi kama mutum tsakanin shekara 15 zuwa 30, kuma sau da yawa a hankali yake shigowa. Ɗalibin da aka sani da fara'a sai ya daina fita, barci ya ƙaurace masa, ya ture kwanon abincin gida don yana zargin an zuba masa wani abu.

An daɗe ana kallon wannan ciwo a matsayin hanyar da ba a dawowa. A shekarun 1890 likitan Jamus Emil Kraepelin ya ba wani nau'insa suna na Latin mai nufin lalacewar hankali tun da ƙuruciya, kuma sunan kansa yanke ƙauna ne. Eugen Bleuler na Suwizalan ya kawo kalmar sikizofireniya a madadin wannan suna a 1908. A 1927 Harry Stack Sullivan na Amurka ya koka da cewa sai ciwo ya ci ƙarfin mutum likitoci ke ganinsa, amma kukan nasa bai sauya komai ba a lokacin. Ko da aka fara amfani da maganin chlorpromazine a Faris a 1952, matashin da ya fara rikicewa ɗaki ɗaya ake kwantar da shi da waɗanda suka shekara ashirin a asibiti. Abin da yake gani a gadon kusa da shi, shi yake ɗauka makomarsa.

Sauyi ya fara ne a shekarun 1980. Wani bincike da aka yi a asibitin Northwick Park na Landan, aka buga a 1986, ya nuna cewa waɗanda suka daɗe ba a fara musu magani ba sun fi saurin sake kwanciya. Daga nan masana suka fara ƙirga abin da a da ba a damu da shi ba: makonni nawa ne tsakanin bayyanar ciwo da fara magani. A Melbon ta Ostireliya, Patrick McGorry da abokan aikinsa suka ware sashe na musamman a asibitin Royal Park a 1984 don masu kwanciyar farko, sannan a 1992 suka buɗe cibiyar EPPIC, wadda ke bin matashi har gida. A Barmingham ta Ingila kuwa, Max Birchwood, masanin halayyar ɗan Adam, ya yi bayanin cewa shekaru biyu zuwa biyar na farko su ne lokacin da ake yawan yin asara, karatu ya tsaya, abokai su watse, kuma a cikinsu ne taimako ya fi tasiri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ya bambanta waɗannan cibiyoyi da tsohon asibiti shi ne ba su tsaya ga ƙwaya ba. Ana ba da magani daidai gwargwado, a haɗa da zaman tattaunawa. Mai ba da kulawa ba ya ce wa saurayi muryoyin nan ƙarya ne, ba ya kuma gaskata su. Zai ce ya riƙa rubuta lokacin da suke zuwa, me ya faru kafin nan, me suka ce za su yi masa, kuma sun taɓa aikatawa? Da sannu saurayin zai lura da kansa cewa sun fi matsa masa ranar da bai yi barci ba, ko ranar da ya sha wiwi, kuma tsoronsu ya ragu. Ana zama da iyaye ma, domin binciken George Brown da Julian Leff a Ingila ya nuna cewa yawan faɗa da gori a gida yana dawo da ciwo. Wannan ba ɗora wa iyaye laifi ba ne. Mutane ne da suka firgita, ba wanda ya taɓa yi musu bayani. Sai kuma mai da matashi makaranta ko wurin aiki ba tare da jiran ya warke sarai ba, wanda a ganina shi ne ginshiƙin aikin duka.

Gwaje-gwaje sun biyo baya. Shirin TIPS na Norwe da Denmak, daga 1997, ya yi ta sanarwa a jaridu da makarantu, har matsakaicin jinkirin neman magani ya zama mako 5 a yankunan da aka yi gangamin, alhali mako 16 ne a inda ba a yi ba. Gwajin OPUS na Denmak, mai mutum 547, ya nuna cewa waɗanda suka samu kulawa ta musamman sun fi sauran samun sauƙi a fili bayan shekara biyu, sai dai a shekara ta biyar yawancin ratar ta ɓace, bayan an mai da su ga kulawar gama-gari. A Amurka, binciken RAISE ya bi mutum 404 a cibiyoyi 34, ya tarar matsakaicin jinkirinsu mako 74 ne, kuma waɗanda suka zo da wuri su suka fi amfana. Gwamnatoci sun karɓa: Ingila ta yi alkawarin kafa ƙungiyoyi 50 na irin wannan kulawa a 2000, Hong Kong da Singafo suka fara nasu a 2001, kuma a Afrilun 2016 Ingila ta ɗora ƙa'idar a fara kula da fiye da rabin sababbin marasa lafiya cikin mako biyu.

Inda aka fi jayayya shi ne batun gano ciwo kafin ya bayyana. Alison Yung da McGorry sun buɗe asibitin PACE a 1994 don matasa masu ƙananan alamu. A binciken farko kusan kashi 40 cikin 100 sun kamu cikin shekara guda, amma daga baya adadin ya sauko sosai. Ma'anarsa, mafi yawansu ba za su kamu ba, don haka ɗora musu ƙwayoyi masu sa ƙiba da kasala zalunci zai zama. Shi ya sa aka fi karkata ga tattaunawa, irin wadda Anthony Morrison ya gwada a Mancesta, kuma kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na DSM-5 na 2013 ya ajiye wannan rukuni cikin abubuwan da ke buƙatar ƙarin bincike.

Kusan duk wannan tarihi na ƙasashe masu arziki ne. A Afirka ta Yamma iyali sukan fara da mai ruƙiyya ko mai maganin gargajiya kafin asibiti. Gwajin COSIMPO da Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, aka buga a 2020, bai keɓanta ga matasa ba, amma ya nuna cewa idan ma'aikatan lafiya suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da na addini, marasa lafiya sun fi samun sauƙi. Duk wanda ya ga ɗansa ko ƙanwarsa ta fara sauyawa haka, ya yi addu'a, ya kuma kai ta ga likita a makon nan, kada ya jira baɗi.