Rabuwar 1993 da Ta Haifi Babbar Gasar Jifan Kibiya ta Duniya

Duk wanda ya saba zama gidajen kallon ƙwallo a Kakuri, Barnawa ko Sabon Tasha, mai yiwuwa a ƙarshen Disamba ya taɓa cin karo da wani wasa a talabijin: mutum biyu na jifan wani faifai da 'yan ƙananan kibau, dubban jama'a na ihu a bayansu. Turawa na kiransa dat. Faifan yana da gida 20, mai jifa yana tsayawa nesa da shi da mita 2.37, kowa yana farawa da maki 501, wanda ya riga sauke nasa zuwa sifili shi ya ci. Kibau uku ake jefawa a kowane zuwa, kuma ba sa wuce maki 180.

Asalinsa wasan ma'aikata ne a mashayun Ingila, irin abin da leburan masaƙa ke rage dare da shi bayan an tashi aiki. A 1973 Olly Croft ya kafa hukumar BDO domin tsara shi, kuma a 1978 ta shirya gasar duniya ta farko a Nottingham, inda Leighton Rees ya ci fam 3,000. Talabijin ta rungumi wasan, har wasan ƙarshe na 1983, wanda Keith Deller ya doke Eric Bristow, ya samu masu kallo sama da miliyan 8 a Birtaniya.

Farin jinin bai daɗe ba. Ganin 'yan wasa na shan giya da taba a kan dandamali ya sa masu talla suka ja baya, tashoshi suka bi sahu. Zuwa 1989 gasar duniya kaɗai ta rage a talabijin. Ga jami'an BDO, wannan koma baya ne da za a iya jurewa, domin suna da dubban masu wasan sha'awa a ƙarƙashinsu. Amma ga ƙwararrun da suka bar sana'o'insu suka dogara da jifa, yunwa ce ke ƙwanƙwasa ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 1992 manyan 'yan wasa 16 suka kafa ƙungiyarsu, WDC. Gasar 1993 ita ce ta ƙarshe da ɓangarorin biyu suka buga tare. Daga nan BDO ta haramta musu shiga duk wata gasa tata, ta kuma gargaɗi sauran 'yan wasa kan hulɗa da su. Masu tawayen suka jingina da tashar Sky Sports, suka buɗe tasu gasar duniya a Disamban 1993 a wani ɗakin shaƙatawa da ke Purfleet, da 'yan wasa 24. Dennis Priestley ya doke Phil Taylor da ci 6 da 1.

Rigimar ta kai kotu, aka sasanta a 1997: kowane ɗan wasa na da 'yancin zaɓar inda zai yi wasa, WDC kuma ta cire kalmar duniya daga sunanta ta koma PDC. A 2001 ɗan kasuwar wasanni Barry Hearn ya karɓi shugabancinta. Shi ya mayar da gasar biki mai kiɗa da fitilu, aka kai ta Alexandra Palace a Landan a Disamban 2007. Kafin nan, a 2006, gwarzon BDO ɗan ƙasar Holan, Raymond van Barneveld, ya sauya sheƙa, wasu suka biyo shi. Taylor ya yi ritaya da kambun duniya 16. BDO kuwa ta durƙushe a 2020.

A yau gasar na ɗaukar 'yan wasa 128, zakara na tafiya da fam miliyan 1. A 2019 Fallon Sherrock ta zama mace ta farko da ta ci wasa a cikinta. A Janairun 2025 Luke Littler ya ɗauki kofin yana da shekara 17. A Disamban 2025 David Munyua, likitan dabbobi daga Kenya, ya fitar da Mike De Decker na Beljiyam a zagayen farko.

Wannan tarihi ya shafe mu. Dambe, wanda ya taso a hannun mahauta, yanzu yana gaban kyamara, ana kallonsa a YouTube daga ƙasashe masu nisa, kuma masu zuba kuɗi sun fara leƙowa. Tambayar da ta raba Croft da 'yan wasansa tana nan tafe: idan kuɗin kallo ya shigo, nawa ne rabon wanda ya naɗe hannu ya shiga fili, kuma wa zai zauna a teburin da ake yanke wannan rabon? 'Yan jifan Ingila sai da suka yi shekara 4 a ƙarƙashin takunkumi da shari'a kafin su samu kujera a wurin.