Daga Ina Duniya Take Farawa?

A shekarar 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya tarbiyyar yara a kan zama 'yan ƙasa na duniya cikin muradun ci gaba mai ɗorewa. Manufa ce kyakkyawa, amma tambayar da nake yi ita ce: wace duniya za a nuna wa yaron, kuma da idon wa zai kalle ta?

Tarihi ya isa ya sa mu yi hattara. An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara a 1796, alhali masunta da fatake sun shekara ɗaruruwa suna ratsa shi. A 1963 ma, shehin malamin Jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya yi da'awar cewa Afirka ba ta da tarihin koyarwa sai na Turawan da suka shigo ta. Yaron da aka raina da wannan karatu zai shiga duniya ne a matsayin baƙo mai neman masauki.

Amma kakanninmu ba baƙi ba ne. A zamanin Muhammadu Rumfa, Shehu Magili ya zo Kano daga arewacin Afirka, ya rubuta wa Sarki nasiha kan mulki. Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi daga Katsina, ya yi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira yana rubuce-rubuce har rasuwarsa a 1741. Da Clapperton ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello littafin Euclid na Larabci, sai ya tarar gidan ya riga ya san littafin.

Irin wannan gado ne Kenneth Dike a Ibadan da Abdullahi Smith a Zariya suka tono daga rubuce-rubucen Larabci da bakin dattawa, har aka kafa Arewa House a Kaduna a 1970.

A ganina, 'yantar da manhaja ba ya nufin jefar da ilimin Turai. Abin da ake bukata shi ne ɗalibi ya fara taswirarsa daga Kasuwar Kurmi, ya bi ayari zuwa Agadas da Tarabulus, sannan ya isa Landan. Wanda ya san abin da garinsu ya bai wa duniya shi ne zai zauna da sauran al'ummai a tabarma ɗaya ba tare da sunkuyar da kai ba.