Matsalolin da Kan Auku Yayin Gyaran Gani da Leza da Tasirinsu ga Sakamako: Nazari Daga Mahangar Paraku da Jugu

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi abin da aka wallafa kan matsalolin da kan taso ana tsakiyar aikin LASIK, sannan ta auna su da yanayin arewacin Jamhuriyar Benin. Matsayar da aka kai ga ita ita ce: irin waɗannan matsaloli ba kasafai suke lalata gani nan take ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne shawarar da likita ya yanke a wannan daƙiƙa, da kulawar da ido ya samu a makonni da shekarun da suka biyo baya. Ga mutumin da aka yi wa aiki a wani gari mai nisa ya komo Paraku ko Jugu, wannan kashi na biyu yana hannun likitan da bai ga aikin ba.

Gabatarwa

Koniya ita ce tantanin nan garai-garai da ke gaban baƙin ido, kuma ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Kaurinta a tsakiya bai fi rabin milimita da ɗan kai ba, wato maikiron 540 ko kusa da haka. José Barraquer, a birnin Bogota na Kolombiya, ya nuna cewa in an sake fasalinta mutum zai iya ajiye tabarau. A 1983 Stephen Trokel ya nuna cewa lezar eksaima tana iya kankare ta ba tare da ƙona gefe ba, a 1990 kuma Ioannis Pallikaris na tsibirin Kirit ya haɗa dabarun biyu ya raɗa wa aikin suna LASIK. Ana yanka siririn murfi a saman koniya, a ɗaga shi, leza ta kankare abin da ke ƙasa, a mayar da murfin. Ba ɗinki, kuma cikin mintuna an gama.

Wannan saurin ne ke sa mutane ɗaukar aikin kamar aski. Nazarin nan ya dogara ne kan rahotannin mujallun likitancin ido daga 1998 zuwa yau, kuma an zaɓi matsalolin da tasirinsu ke bin mutum har gida.

Matsalolin murfi

Mafi yawan abin da kan ɓaci yana ɓaci ne wajen yanka murfi. Kafin yanka, ana ɗora wani zobe mai zuƙa wanda ke kama ido ya ɗaga matsinsa sama da maki 65, har gani ya dushe na ɗan lokaci. In majinyaci ya matse ido ko ya zabura, zuƙar kan kuɓuce, yankan ya tsaya a rabi. Wani lokaci wuƙar kan fito ta tsakiyar murfin ta bar huda kamar ramin maɓalli, abin da ya fi samun koniya mai tudu sosai. Wani lokaci kuma murfin ya cire ɗungurum ba tare da maƙalarsa ba, wannan ya fi samun koniya mai faɗi shimfiɗaɗɗiya.

Rahotannin ƙarshen shekarun 1990 daga Amurka da Kanada sun sa yawan irin wannan a kusan biyu cikin ɗari. Jacobs da Taravella, a 2002, sun duba ayyuka 84,711 suka tarar da kashi 0.3 cikin ɗari kacal. Hannu ya faɗa, na'urori sun inganta. Daga baya lezar femto ta karɓi aikin yanka daga wuƙa, hudar tsakiya da cirewar murfi suka ragu ƙwarai, sai dai ita ma ta zo da nata: kumfar iska kan taru ta yi fari a cikin koniya, ko ta fasa ta fito sama, ko ta shiga cikin ido ta ruɗar da na'urar da ke bin motsin ƙwayar ido.

Abin lura a nan shi ne yadda rahotannin suka yi ittifaƙi kan mafita. In murfi ya huje ko bai kammala ba, a mayar da shi yadda yake, kada a harba leza, a jira kamar wata uku, sannan a sake da wata hanya, galibi kankarar sama wadda ba ta buƙatar murfi. Idanun da aka bi da su haka mafi yawansu kan koma ganinsu na da. Waɗanda aka ci gaba da harba musu leza kan shimfiɗar da ba ta daidaita ba su ne kan ƙare da tabo da karkataccen gani wanda tabarau ba ya gyarawa. Ni a ganina nan ne haɗarin matafiyi yake. Wanda ya tara kuɗi, ya sayi tikitin komowa na kwana biyar, ba ya son jin "dawo bayan wata uku", kuma likitan ya san haka. Gaggawa aikin shaiɗan, amma a wannan ɗaki har tikitin jirgi kan shiga cikin shawara.

Kuskuren da ba a gani ran aiki

Akwai matsalar da kan auku a kan gadon aiki ba wanda ya lura, sai bayan watanni ko shekaru. Theo Seiler ya bayyana ta a 1998: koniyar da aka rage wa ƙarfi ta soma kumburowa gaba, gani ya riƙa lalacewa a hankali. Lissafin mai sauƙi ne. Bisa ƙa'idar Munnerlyn, gyara lamba 6 ta rashin hangen nesa a fili mai faɗin milimita 6.5 yana cin maikiron 85 ko kusa. A ɗauki koniya mai kaurin 520. In murfi ya fito 110 kamar yadda aka tsara, saura 325 a ƙasa, kuma abin da aka taɓa kashi 37.5 ne cikin ɗari. In wuƙa ta zarce murfin ya fito 160, saura 275. Wannan lamba tana sama da tsohuwar iyaka ta 250, don haka a takarda komai lafiya, amma abin da aka taɓa ya kai kashi 47, alhali binciken Marcony Santhiago na 2014 ya nuna haɗari na tashi daga kashi 40. Maikiron 50 ne ya raba su, bai kai kaurin gashin kai ba.

Dalilai biyu suka sa wannan ya shafi mutanenmu musamman. Na farko, bincike da dama sun nuna cewa a matsakaici koniyar baƙar fata ta fi ta Turawa siranta. Na biyu, ƙaiƙayin idon yara da ke rina farin ido ya koma ruwan ƙasa, wanda likitocin ƙasashen renon Faransa ke kira LCET, ruwan dare ne a Afirka ta Yamma. Yaron da ya shekara goma yana murza ido da bayan hannu yana iya girma da koniyar da ta riga ta soma rauni. In ba a ɗauki taswirar koniya da kyau kafin aiki ba, ba za a gane ba. Maganin tsayar da kumburin, wato ƙarfafa koniya da sinadarin ribofilabin da haske, dabarar da aka fara a Dresden aka wallafa a 2003, yana aiki ne in an kama abin da wuri.

Komowa gida

Jugu na da nisan kilomita 130 da 'yan kai daga Paraku, Paraku kuma fiye da 400 daga Kwatano. Garuruwa ne na fatauci tun zamanin da ayarin goro ke bi ta nan daga Kano zuwa Gwanja, kuma har yau tafiya ba baƙon abu ba ce ga mutanen Zongo. A Paraku akwai asibitin koyarwa na Borgu da Alibori, wanda ke aiki da jami'ar garin da aka kafa a 2001, akwai kuma asibitin ido na Saint André a Tinré. A Jugu akwai asibitin Ordre de Malte. Ɗayan waɗannan ƙofofi mai jan ido zai ƙwanƙwasa, ko a ina aka yi masa aiki.

Yanka murfi yana datse jijiyoyin da ke sanar da ido cewa ya bushe. A binciken PROWL na hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wanda aka wallafa a 2017, har kashi 28 cikin ɗari na waɗanda ba su da bushewar ido kafin aiki sun koka da ita bayan wata uku, ko da yake fiye da kashi 95 sun ce sun gamsu. An samo waɗannan alƙaluma ne a Amurka. A ƙaddara mutum a bayan ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, cikin hunturun Janairu, ya nufi kasuwar Arzeke ta Paraku, ƙura na shiga ido, hannu na kai kansa ga fuska. A makon farko murza ɗaya ta isa ta tamuke murfi. Ruwan alwala daga randa ko rijiya kada ya shiga idon a waɗannan kwanaki, kwalli kuwa a jingine shi, domin ƙwayar cutar da ta shiga ƙarƙashin murfi tana da wuyar kamawa da magani. Wannan bayani ne da ba a cika samunsa a takardar sallamar asibitin waje ba.

In saman koniya ya kurje yayin aiki, haɗarin wani kumburi a ƙarƙashin murfi yana ƙaruwa. Smith da Maloney suka bayyana shi a 1998, aka yi masa laƙabi da yashin Sahara saboda kamanninsa a na'urar duba ido. Maganinsa ɗigon sitiroyid akai-akai. Tarkon shi ne a wasu mutane sitiroyid na ɗaga matsin ido, ruwa ya taru a ƙarƙashin murfi, ido ya yi hazo iri ɗaya da na kumburin, na'urar awo kuma ta nuna matsi ƙasa domin ruwan take dannawa. Likitan da bai san tarihin ba sai ya ƙara sitiroyid, alhali shi ke cin jijiyar gani.

Ko babu wannan, koniyar da aka sirantar tana sa awon matsin ido ya fito ƙasa da gaskiya har ƙarshen rayuwa. A binciken Tema na Gana kashi 6.8 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da hawan jinin ido, a binciken ƙasa na Nijeriya kuwa kashi 5. Masu rashin hangen nesa, waɗanda su ne mafi yawan masu neman LASIK, sun fi masu lafiyayyen gani shiga haɗarinsa. Haka nan in yana ta zo a tsufa, lissafin ƙarfin gilashin da za a dasa kan kauce in ba a san an taɓa koniyar ba, kuma bayan shekaru gefen murfin kan ɓace wa mai duba na gaggawa.

Saboda haka abin da ya kamata majinyaci ya karɓa kafin ya bar inda aka yi masa aiki takarda ce guda, cikin Faransanci in Benin zai koma: lambar tabaraunsa ta da, kaurin koniya da taswirarta kafin aiki, kaurin murfi da na'urar da ta yanka shi, zurfin kankara, da duk abin da ya faru a ɗakin, ko da zuƙa ce ta kuɓuce sau ɗaya aka sake kamawa. A sashen ido na Paraku da Tinré da Jugu kuwa, ƙara tambayar "an taɓa yi maka aikin leza?" a katin sabon majinyaci ba ya cin ko sisi, kuma daga amsoshin ne za a iya fara rajistar da za ta nuna yadda waɗannan idanu ke jure hunturu shekara bayan shekara.