Cika-ciki a bakin kogin Shari

Bukukuwanmu na addini wata suke bi, shekarar wata kuwa tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka kowane biki sai ya zagaya rani da damina da hunturu cikin wajen shekara 33. Cika-ciki, wato cin tuwon daren Ashura, ya faɗo cikin Disamba a 2009 da 2010 da 2011. Wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna da hazo a kan kogin Shari, da kaskon garwashi a tsakar gida, da yara cikin rigunan sanyi kewaye da akushi.

Al'adar ta girmi garin. An kafa Fort-Lamy a 1900, bayan yaƙin Kusiri na ranar 22 ga Afrilu, inda Rabe da kwamandan Faransa Lamy suka mutu rana ɗaya. Sai a 1973 Shugaba Tombalbaye ya sauya sunan zuwa N'Djamena. Kakanninmu sun iso daga Kano da Katsina da Damagaram ta hanyar Barno, wasu fatake, da yawa kuma maniyyata masu nufin Makka a ƙasa ta Abeshe da Sudan. Guzuri kan ƙare, a tsaya a yi ɗinki ko fawa ko koyar da allo, a yi aure, zango ya zama gida. A kan su ne John Works ya wallafa littafinsa a 1976.

Matafiyi bai iya ɗauko gona ko kushewar iyaye ba, amma lissafin wata da tukunya sun biyo shi. Tun ranar layya uwargida take keɓe wani sashe na ragon, galibi jela ko ƙafa, ta busar, ta adana wata guda cur. A gari irin wannan, inda maƙwabta Larabawa suka ƙware da busasshen naman da suke kira sharmut, wannan bai zama baƙon abu ba. Ranar kuwa a tuƙa tuwo fiye da kima, a kaɗa miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa da daddawa, a aika wa maƙwabci da almajiri. Ana ce wa yara wanda bai ƙoshi a daren ba, ba zai ƙoshi ba duk shekara. Malamai sun sha jan hankali cewa azumin Tasu'a da Ashura shi ne abin da ya tabbata, sauran al'ada ce, kuma gaskiyarsu. Sai dai mai buɗa baki ma tuwo yake nema.

Abin da ya fi rauni a nan shi ne wasan. A ƙasar Hausa wannan ne lokacin da taubasai, 'ya'yan mace da na namiji, suke tsokanar juna suna neman kuɗin shara, jika kuma ya tasa kakarsa a gaba. Wasan dangi yake bukata, dangin da yawa kuma suna can hayin Ngeli, bayan iyakoki biyu. Harshe ma yake bukata: ba'ar taubashi da tatsuniyar bakin wuta ba sa fita daidai da Larabcin Chadi, wanda yaranmu suka fi sakewa da shi a kasuwa da filin ƙwallo.

A 'yan shekarun nan cikin damina Ashura take zuwa. Ba za ta sake haɗuwa da sanyin Disamba ba sai bayan 2040, lokacin da yaran da suka zauna gaban kasko a 2010 za su zama su ne masu rabon naman.