Bindigar Ross: Gyaran Gangar Auzinawa a Fagen Fama

Da asubahin 24 ga Afrilu, 1915, iska ta kwaso wani hayaƙi mai ruwan ɗorawa daga ramukan Jamusawa ta nufi na sojojin Kanada kusa da ƙauyen St Julien, a wajen birnin Ypres na ƙasar Beljiyam. Gubar kulorin ce, kuma a bayanta dakarun Jamus ne ke tafe. Waɗanda numfashinsu bai ɗauke ba suka toshe hanci da jiƙaƙƙen tsumma, suka shiga harbi ba ƙaƙƙautawa. Ba a jima ba bindigogin suka fara cijewa. Soja zai ja sakata ta ƙi motsi, ya kafa gindin bindigar a ƙasa ya taka hannun sakatar da dugadugan takalmi, ko ya maka mata ɗan shebur ɗin haƙa rami. Da ƙura ta lafa aka yi ƙidaya, sai aka tarar sojoji fiye da 1,400 sun yar da tasu sun tsinci Lee-Enfield ta Turawan Ingila da suka mutu ko suka jikkata, alhali dokar soja ta hana yin haka.

Bindigar da suka yar, Ross ce. Asalinta siyasa ce tun kafin a hura wutar maƙera. A lokacin Yaƙin Boer na 1899 zuwa 1902, Kanada ta nemi Lee-Enfield daga Birtaniya ba ta samu yadda take so ba, abin ya yi wa mahukuntan Ottawa ciwo. Ana cikin haka wani attajiri ɗan Sukotland, Sir Charles Ross, ya kawo tayin gina masana'anta a birnin Quebec domin ƙera bindigar da ya zana. A 1902 ministan tsaro Frederick Borden ya sa hannu a kwangilar guda 12,000. 'Yan sandan doki na yammacin ƙasar, waɗanda aka fara ba wa samfurin farko, sun lissafa masa lahani iri-iri suka mayar da shi. Maimakon a tsaya a yi nazari, sai aka shiga kwaskwarima, samfuri na bin samfuri, har aka iso na uku a 1910. Shekara guda bayan nan Sam Hughes ya zama ministan tsaro, mutumin da ya ɗauki sukar Ross tamkar zagin ƙasarsa.

Hughes yana da abin kafa hujja. A filin gasar harbi na Bisley da ke Ingila, 'yan Kanada sun lashe Kyautar Sarki da wannan bindiga a 1911 da kuma 1913. Wajen saiti ba a raina ta. Sai dai mai gasa yana kwance ne a kan ciyawa, ya goge harsashinsa, ya harba ɗaya ya huta. Babu wanda ya kai ta cikin taɓon Flanders kafin yaƙi ya kai ta.

Dalilin cijewar yana cikin abin da ke faruwa a ƙiftawar ido bayan an ja kunama. Albarushi na kamawa, kwanson tagulla ya kumbura ya manne da bangon mazaunin harsashi, sannan ya ɗan saki. Wannan 'yar sakin ita ke ba da damar zaro shi. A Lee-Enfield soja yana ɗaga hannun sakata sama kafin ya ja baya, kuma ɗagawar nan tana aiki kamar ƙarfen ɓamɓare ƙusa, ta ɓalle kwanson daga inda ya manne. Ross kuwa ja ɗaya ake yi mata kai tsaye zuwa baya, kan sakatar ya juya da kansa a ciki. Ta fi sauri idan komai lafiya, amma ƙarfin ɓamɓararta kaɗan ne. Ga shi an matse mazaunin harsashinta ƙwarai domin saiti ya fita, daidai da harsashin da ake ƙerawa a Kanada. A fagen fama kuwa akasari harsashin Birtaniya ake rabawa, wanda masana'antu barkatai ke fitarwa cikin gaggawar yaƙi, wani ya ɗan fi kauri, wani tagullarsa ta yi laushi. Lee-Enfield, da yake mazauninta na da yalwa, tana haɗiye su duka. Ross kuwa da ta yi zafi, ƙasa ta ɗan shiga, sai ta riƙe kwanso ta ƙi saki. Da Hughes ya ɗora laifin kan harsashin Ingilishi bai yi ƙarya ba. Abin da ya ƙi faɗa shi ne, bindigar yaƙi da ke zaɓen harsashi ba ta gama zama bindigar yaƙi ba.

Akwai lahani na biyu, wanda aka daɗe ba a gano shi ba. Duk lokacin da aka ja sakata baya, ɗaya daga cikin haƙoran da ke kulle ta yana karo da wani ɗan ƙarfe da ke tare ta kada ta zare gaba ɗaya. Ƙarfen ƙarami ne, don haka duk bugun yana sauka a wuri ɗaya, haƙorin ya lanƙwashe a hankali. Lanƙwasasshen haƙori kuwa idan ya shiga gurbinsa sai ya maƙale. Wato sojan da ya taka sakata da takalmi don ya tsira a wannan minti, shi ne ke shirya wa kansa cijewar da ta fi ta farko muni. Sauran koke-koken ƙanana ne idan an gwada da wannan: ta fi Lee-Enfield tsawo da kusan inci shida, abin da ke wahalar da juyi a ƙuntataccen rami, kuma banatinta kan faɗo idan ana harbi.

A watan Yunin 1915 babban kwamandan Birtaniya, Sir John French, ya ba da umarnin a sauya wa Runduna ta Ɗaya ta Kanada makami. Rundunonin da ke biye, Hughes ya dage da Ross za su tafi, a gyara kawai. Aka tara masu gyaran makamai a Ingila suka shiga faɗaɗa mazaunin harsashi daga inci 0.460 zuwa 0.464, suna buga hatimin LC a jikin wadda aka gama. An kuma sake ƙona kawunan sakata domin su yi tauri, aikin da ke buƙatar gwaninta, domin ƙarfe idan taurinsa ya wuce kima tsagewa yake yi. Faɗaɗawar ta rage matsalar harsashi, amma ba ta taɓa haƙorin nan ba, saboda haka bindigogin da aka ce an warkar suka ci gaba da cijewa. Sai a 1916 aka ƙara girman ƙarfen da ke tare sakata, gyara mafi arha a cikinsu duka, kuma wanda ya fi kusa da tushen ciwon.

Lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Kwamandan dakarun Kanada, Laftanar Janar Edwin Alderson, ya rubuta wasiƙa yana zayyana illolin bindigar, wasiƙar ta faɗa hannun jaridar Ottawa Citizen. Hughes ya harzuƙa, kuma a watan Mayun 1916 aka maye gurbin Alderson da Julian Byng. Cire mai faɗin gaskiya bai buɗe ko sakata ɗaya ba. Sir Douglas Haig, wanda ya gaji French, ya yanke cewa sojojin sun yanke ƙauna daga makaminsu, kuma kafin ƙarshen watan Satumba duk rundunonin Kanada huɗu sun koma Lee-Enfield. A watan Nuwamba Firaminista Robert Borden ya tilasta wa Hughes ajiye muƙami, a Maris na 1917 gwamnati ta ƙwace masana'antar, bayan an ƙera kimanin guda 420,000.

Hukuncin Haig ya fi na Hughes hankali, ko da kuwa gyaran ƙarshe ya yi aiki. A teburin mai gyara, kusan duk lahanin Ross yana da magani. Amma kowane gyara yana nufin kwashe dubban bindigogi daga hannun masu su a tsakiyar yaƙi, ga kuma wadda aka jarraba tana jiran a raba. Sannan akwai aibin da ya fi cijewa tsoratarwa: a samfuri na uku ana iya harhaɗa sakata a karkace bayan an wanke ta, ta rufe kamar ta kulle alhali ba ta kulle ba, a harba ta yi tsalle baya zuwa fuskar mai harbi. Ba sau da yawa hakan ya faru ba, kuma daga baya an kafa wata 'yar ƙusa da ta hana shi. Sai dai sojan da ya ji labarin sau ɗaya ba zai sake ɗora kuncinsa a kanta da natsuwa ba.

Ba a zubar da ita duka ba. Maharban ɓoye, masu lokacin tsaftace makami da zaɓen harsashi ɗaya bayan ɗaya, sun riƙe ta har ƙarshen yaƙin; cikinsu akwai Francis Pegahmagabow, ɗan ƙabilar Ojibwe, wanda ake danganta wa kashe abokan gaba 378. Sauran aka mayar da su sansanonin horar da kurata da rumbunan ajiya. A 1940, bayan sojojin Birtaniya sun baro makamansu a Dunkirk, aka buɗe rumbunan, aka goge maiƙon ajiya, aka loda dubun-dubatar Ross a jiragen ruwa zuwa Ingila, inda aka raba su ga dakarun tsaron gida masu gadin gadoji da bakin teku.