Rediyo Da Jin Ta Bakin Kowa

'Yar uwa, in yara suka kawo mini ƙara, ba na yanke hukunci sai na ji ta bakin kowa. To, haka aka taɓa ɗora wa gidajen rediyon Amurka. A 1949 hukumar sadarwar ƙasar ta ce duk tashar da ta taɓo batun da ake jayayya a kai, dole ta ba ɗaya ɓangaren dama. Kotun ƙoli ta goyi bayanta a 1969. Amma a 1987, zamanin Shugaba Reagan, aka soke ƙa'idar, wai tana tauye 'yancin magana. Nan fa shirye-shirye masu goyon ɓangare guda suka yawaita. Ni dai darasina, kada ki kafe a tasha ɗaya, riƙa murɗawa.