ADHD a Manya

ADHD yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke tasowa. Alamominsa su ne kasa tattara hankali, yawan mantuwa, rashin iya zama wuri ɗaya, da yanke hukunci cikin gaggawa. Yana somawa tun yarinta, amma mutane da yawa, musamman mata, sai sun girma ake gano suna da shi, bayan an daɗe ana kiransu malalata ko marasa natsuwa.

Littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a shekarar 2013, ya shardanta cewa alamomin su bayyana kafin shekara 12. Ga wanda ya kai shekara 17, alamomi biyar sun isa, maimakon shida da ake nema ga yara.

Ana ba da magunguna irin su methylphenidate. Akwai kuma masu horarwa da ke koya wa mutum tsara lokacinsa da rarraba babban aiki gida-gida, su kuma shawarci shugabannin ma'aikata su riƙa ba da umarni a rubuce. Mai horarwa ba likita ba ne, ba ya gano cutar. A arewa maso yammacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato da kuma Kaduna.